Ɗumama jiki kafin gudu: raunin da yake karewa da wanda ya fi ƙarfinsa

Duk wanda ya taɓa bi ta filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a Kano, ko filin Ahmadu Bello a Kaduna, bayan an sauko daga sallar asuba, ya ga yadda masu gudu ke shiri kafin su kama hanya. Wani ya ɗora ƙafa a kan katanga, ya sunkuya yana neman taɓo babban ɗan yatsansa, yana ƙirge a zuci. Wani ya dafa kafaɗar abokinsa, ya lanƙwaso ƙafa ta baya har diddige ya taɓa mazaunai. Wani yana 'yan tsalle-tsalle a wuri guda. Wani kuma ko ɗaya bai yi ba, yana gama ɗaure igiyar kambas sai ya sa ƙafa.

In ka tambaye su, kusan dukkansu amsa guda za su ba ka: jijiyoyi suke buɗewa don kada su ji ciwo. Haka malamin wasanni ya koyar tun firamare, haka ake yi a sansanin masu yi wa ƙasa hidima, haka kociyoyin unguwa ke sa yaransu. Sai ga shi a 'yan shekarun nan gajerun bidiyoyi sun cika Facebook da TikTok. Wannan ya ce miƙa kafin gudu ɓata lokaci ce, wancan ya ce rage ƙarfin ƙafa ma take yi, na uku kuma ya rantse duk wanda ya fita bai yi ta ba a asibiti zai kwana. Magidancin da likita ya ce ya riƙa sassarfa saboda hawan jini ko suga, da saurayin da ke shirin tantancewar shiga soja, duk sun rasa maganar wa za su kama.

Ruɗanin daga wuri biyu ya taso. Ana kiran abubuwa mabambanta da suna ɗaya, sannan ana yi wa raunin gudu kuɗin goro, alhali iri biyu ne, kuma abin da ke kare ɗaya ba lallai ya kare ɗayan ba.

## Abu uku da ake kira da suna ɗaya

Ɗumama jiki shi ne motsi mai sauƙi da ake farawa da shi, a riƙa ƙara masa ƙarfi kaɗan-kaɗan har numfashi ya ƙaru, bugun zuciya ya ɗaga, ɗan gumi ya fara tsattsafowa. Tafiya da sauri da sassarfa a hankali su ne misalansa.

Miƙa ta tsayawa cak ita ce wadda aka fi sani: a ja tsoka har inda ta tsaya, a riƙe ta a nan ba motsi na tsawon daƙiƙa 20, 30 ko fiye. Mai ɗora ƙafa a katanga ita yake yi. Ba ta ɗaga bugun zuciya, ba ta sa tsoka ta yi ɗumi. Aikinta shi ne ƙara nisan da gaɓa za ta iya lanƙwasuwa.

Miƙa ta motsi kuwa ana kai gaɓa ne iyakarta a dawo da ita, a maimaita, ba tare da tsayawa ba. Lilo da ƙafa gaba da baya, tafiya ana ɗaga gwiwa zuwa ƙugu, dogon taku ana durƙusawa, duk suna cikinta. Wannan tana ɗumama jiki tana kuma sassauta gaɓoɓi a lokaci guda.

Raunin ma haka. Akwai na farat ɗaya: tsokar bayan cinya ta yage ana tsakiyar tsere, sha-raɓa ta fisge, ko ƙafa ta gurɗe a rami a yi targaɗe. Mai shi zai iya gaya maka ranar da takun da abin ya faru. Akwai kuma na tarawa, wanda ke shigowa a ɓoye: ciwon gaban gwiwa, zogin ƙwauri, ciwon agara, ciwon tafin ƙafa da ake ji a takun farko da safe, har zuwa tsagewar ƙashi. Mai irin wannan ba zai iya nuna ranar da ya fara ba. Masu sassarfa da masu dogon gudu, mafi yawan raunukansu na biyun ne, kuma gwiwa ce ta fi shan wahala.

## Abin da ke faruwa a jiki cikin minti goma na farko

Mutum yana zaune, zuciyarsa na tura jini kimanin lita 5 a minti, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar ne kawai ke zuwa tsokoki. In gudu ya yi ƙarfi, adadin kan kai lita 20 ko fiye, kuma fiye da kashi huɗu cikin biyar tsokoki ne ke shanye shi. Wannan sauyi ba ya aukuwa kamar kunna fitila. Hanyoyin jini sai sun buɗe, numfashi sai ya daidaita. Shi ya sa mintunan farko na gudu suka fi kowane lokaci wuya, mutum ya ji ƙirjinsa ya cushe, ƙafa ta yi nauyi, can kuma sai jiki ya saki.

Tsokar ƙafa a lokacin hutu ba ta kai zafin cikin jiki na digiri 37 ba. Minti 10 zuwa 20 na motsi kan ɗaga zafinta da digiri biyu zuwa uku. Tsoka mai ɗumi ta fi saurin takurewa da saki, saƙon jijiya ya fi saurin isa gare ta, kuma ba ta da tauri kamar mai sanyi. Wanda ya taɓa ɗibar man kaɗanya da sanyin safiyar hunturu, ya ga yadda yake gardama, ya kuma ga yadda yake laushi da ya ji zafin tafin hannu, ya fahimci kwatancin. A 1988 masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka sun gwada haka a tsokar zomaye: wadda aka fara motsawa sai da aka ja ta da ƙarfi fiye, aka kuma ƙara mata tsawo, kafin ta yage.

Akwai kuma batun zuciya, wanda ba a cika kawowa ba. A 1973 James Barnard da abokan aikinsa a Los Angeles sun ɗora maza 44 da ba su da alamar ciwon zuciya a kan injin gudu, aka sa su gudu mai tsanani na 'yan daƙiƙoƙi ba tare da wani shiri ba. A mafi yawansu na'urar auna aikin zuciya ta nuna alamun da ba daidai ba. Da aka maimaita gwajin bayan sassarfar minti biyu kacal, alamun sun ɓace ko sun ragu sosai a kusan duk waɗanda aka sake gwadawa. Ga wanda ya haura shekara 40 ko yake fama da hawan jini, wannan kaɗai ya isa hujjar farawa a hankali, ko da ba a zo maganar tsoka ba.

Har nan masana ba su da saɓani. Ɗumama jiki yana shirya jiki, yana kuma ƙara ƙwazo. Inda aka rabu shi ne ko wannan shirin yana rage yawan raunuka a zahiri.

## Yadda aka fara shakkar miƙa

Sassarfa ta zama yayi a Amurka da Turai a shekarun 1970, kuma tare da ita al'adar miƙa kafin fita ta bazu. Tunanin mai sauƙin karɓa ne: abin da ya yi laushi ba ya saurin tsinkewa. An daɗe ana koyar da shi ba tare da an gwada shi a kan jama'a masu yawa ba.

Gwajin da ya fi girgiza wannan aƙida a sansanin horar da kuratan sojan Ostireliya aka yi shi, aka wallafa a shekarar 2000 ƙarƙashin jagorancin Rodney Pope. An raba kurata 1,538 gida biyu na tsawon makonni 12 na horo. Abin lura a nan shi ne duka ɓangarorin suna ɗumama jiki kafin atisaye. Bambancin kawai, ɓangare ɗaya yana ƙarawa da miƙa ta tsayawa cak, daƙiƙa 20 ga kowace daga manyan tsokokin ƙafa shida. A ƙarshe kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ya ji rauni a kowane ɓangare. Abin da ya fi nuna wanda zai ji ciwo shi ne halin da ya shigo da shi: kuratan da suka zo ba su da juriyar gudu su suka fi jikkata.

A 2002 Rob Herbert da Michael Gabriel suka tattara gwaje-gwajen da ake da su a mujallar likitoci ta BMJ, suka ce miƙa kafin motsa jiki ko bayansa ba ta hana tsamin jikin da ake ji washegari, kuma ragin raunin da take kawowa bai taka kara ya karya ba. Daga baya hukumar wasannin guje-guje ta Amurka ta ɗauki nauyin wani gwaji da masu gudu fiye da 2,700 suka shiga na wata uku. Masu miƙa da marasa miƙa, kashi 16 cikin 100 suka ji rauni a kowane rukuni. Sai dai gwajin ya fito da wani abu da masu bidiyo ba sa faɗa: waɗanda suka saba miƙa aka ce su daina, rauninsu ya ƙaru.

Maganar cewa miƙa na kashe ƙarfin ƙafa tana da tushe, amma an zuzuta ta. Nazarin da David Behm na Kanada da abokansa suka fitar a 2016 ya nuna idan aka riƙe tsoka minti ɗaya ko fiye, ƙarfinta kan ragu da kusan kashi 5 cikin 100 na ɗan lokaci. Ƙasa da minti ɗaya, ragin kusan kashi 1 ne. Ɗan tseren mita 100 zai damu da wannan. Mai zagaya unguwa don lafiyarsa ba zai ko ji shi ba.

## Hujjar masu kare ɗumama jiki

Masu wannan ra'ayi suna cewa duk gwaje-gwajen da ke sama miƙa suka kayar, ba ɗumi ba. Hujjarsu mafi ƙarfi daga ƙwallon ƙafa ta fito. A 2006 sashen binciken lafiya na FIFA tare da wasu cibiyoyi a Oslo da Santa Monica suka tsara wani shiri na minti 20 da ake kira FIFA 11+. Ana farawa da sassarfa da motsin gaɓoɓi, a shiga atisayen ƙarfi da tsayuwa da ƙafa ɗaya da tsalle, a rufe da gudu mai sauri. Da aka gwada shi a kan 'yan mata 1,892 masu shekara 13 zuwa 17 a Nowe, aka wallafa a 2008, jimillar raunuka ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku.

An kuma gwada shi a gida Najeriya. Oluwatoyosi Owoeye da abokan aikinsa sun bi matasa 416 daga ƙungiyoyi 20 na gasar matasa ta Legas, suka wallafa sakamakon a 2014. Ƙungiyoyin da suka yi shirin sun samu ragin raunuka da kashi 41 cikin 100, raunin ƙafa kuwa da kashi 48. Ba a buƙaci wani kayan aiki mai tsada ba, fili ne kawai da ƙwallo da abokin atisaye.

Amma akwai abu biyu da ya kamata a riƙe kafin a ɗauko wannan sakamako a ɗora wa mai sassarfa. Na farko, ƙwallo wasa ne na fisga da birki da juyawa, raunukansa na farat ɗaya sun fi yawa. Na biyu, rabin shirin atisayen ƙarfi ne da aka saka cikin rigar ɗumama jiki. Ɗauki ɗaya daga cikinsu: yaro ya durƙusa a kan gwiwoyinsa, abokinsa ya danne masa idon sawu ta baya, shi kuma ya riƙa rusunawa gaba a hankali, jikinsa a miƙe, yana riƙe kansa da tsokar bayan cinya har inda ƙarfinsa ya ƙare, sannan ya tare ƙasa da tafin hannu. Wanda ya yi wannan sau biyu a mako na wata uku, tsokarsa ce ta ƙara ƙwari. Ba zafin wannan safiyar ne ya kare shi ba.

A kan masu gudu zalla, hujjar ta fi rauni. A 1993 Willem van Mechelen ya raba maza fiye da 400 masu gudun nishaɗi a Amsterdam, aka koya wa rabi ɗumama jiki da miƙa da sassautawa bayan gudu, aka bi su makonni 16. Waɗanda aka koya wa sun samu rauni 5.5 a kowace awa 1,000 ta gudu, waɗanda aka bari 4.9. Wato babu wani bambanci na kirki. A 2006 Andrea Fradkin da abokanta sun duba gwaje-gwaje biyar: uku sun ga ragin rauni, biyu ba su gani ba.

Inda kusan kowa ya yarda shi ne gudu mai tsananin sauri. A nan ne tsokar bayan cinya ke miƙewa tana kuma riƙe nauyi a lokaci guda, kuma a nan take yagewa. Babu kocin da zai bar ɗan tserensa ya shiga layi da sanyin jiki. Ɗumin ma ba ya daɗewa: zaman minti 15 zuwa 20 ya isa ya zubar da mafi yawansa. Ranar 12 ga Agustan 2017, a gasar duniya ta Landan, Usain Bolt ya karɓi sanda a zagayen ƙarshe na tseren ba-ni-in-ba-ka na mita 100 sau huɗu, bai yi nisa ba ya fara ɗingishi, ya faɗi da ciwon bayan cinyar hagu. Tserensa na ƙarshe ke nan. Abokan gudunsa na Jamaika, ciki har da Yohan Blake, sun yi ƙorafin cewa an tsare su a ɗakin jira tsawon lokaci har jikinsu ya huce. Faɗuwar mutum ɗaya ba ta zama hujjar kimiyya, amma ƙorafin ya nuna yadda masu sana'ar ke kallon tazarar da ke tsakanin shiri da tashi.

## Raunin da ɗumi ba ya hanawa

A kowane taku na gudu, ƙafa na ɗaukar nauyin da ya kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki. Mai kilo 70 ke nan ƙafarsa na karɓar kilo 140 zuwa 210, kuma mai sassarfa yana yin taku kusan dubu a kilomita guda. Jiki yana iya sabawa da wannan, har ya ƙara ƙwari, amma sassansa ba tare suke sabawa ba. Zuciya da huhu cikin 'yan makonni suke gyaruwa. Jijiya da ƙashi sai an yi watanni. A wannan tazarar sabon mai gudu ke faɗawa tarko: a mako na uku ya ji numfashinsa ya daidaita, ya ga ai ya iya, ya ninka nisa, alhali ƙwaurinsa da agararsa suna nan inda suke.

Alƙaluma sun bi wannan bayani. Wani nazari daga Denmak a 2015 ya kiyasta cewa sababbin masu gudu na samun rauni 17.8 a kowace awa 1,000, waɗanda suka saba kuwa 7.7. Ko shahararriyar ƙa'idar nan ta kada a ƙara fiye da kashi 10 cikin 100 na nisa a mako ba ta tsira ba. A Groningen ta ƙasar Holan an gwada ta a kan sababbin masu gudu 532 a 2008, rukuni ɗaya ya bi ta na makonni 13, ɗayan ya bi tsari mai sauri na makonni 8, kuma kusan kashi 20 cikin 100 suka ji rauni a kowanne. Wani bincike na Jami'ar Aarhus da ya fito a 2025, wanda ya bi masu gudu fiye da 5,200 ta agogon Garmin da suke ɗaurawa, ya karkatar da hankali zuwa fita guda: haɗarin na tashi ne idan gudun yau ya zarce mafi tsawon gudun da mutum ya yi cikin kwana 30 da suka wuce, kuma idan ya wuce ninkinsa, haɗarin ma ya wuce ninki.

Wanda bai taɓa wuce kilomita 5 ba, ya tashi ranar Asabar ya bi abokai kilomita 12, ko ya shafe rabin awa yana ɗumama jiki bai kauce wa wannan ba.

Abin da ya fi nuna alamar kariya shi ne atisayen ƙarfi. Jeppe Lauersen da abokansa sun haɗa gwaje-gwaje 25 masu mutum 26,610 a 2014, suka ga atisayen ƙarfi ya mayar da raunuka ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na yadda suke, miƙa kuwa ba ta rage komai ba. Sai dai yawancin mutanen 'yan ƙwallo ne da sojoji. Gwaje-gwajen da aka yi daga baya a kan masu dogon gudu sun rarrabu, musamman inda aka bar mutane su yi atisayen da kansu a gida ba mai sa ido.

Idan aka jera matsayar ɓangarorin, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai yadda ake ji a intanet ba. Mai cewa miƙa ta tsayawa cak ba ta hana rauni yana da gaskiya, amma bai da hujjar cewa gajerarta na cutarwa. Mai cewa ɗumama jiki wajibi ne yana da gaskiya a kan gudu mai sauri da lafiyar zuciya, amma ya wuce gona da iri in ya ce zai hana ciwon gwiwa. Mai cewa shi bai taɓa yi ba kuma lafiyarsa ƙalau, sau da yawa yana yi bai sani ba, domin kilomitarsa ta farko a hankali yake yin ta.

## Hunturu, bazara da azumi

Yawancin waɗannan gwaje-gwaje a ƙasashe masu sanyi aka yi su, don haka sai an auna su da yanayin da mutum yake ciki. Daga Disamba zuwa Fabrairu, asubar Kano ko Katsina ko Damagaram kan sauka ƙasa da digiri 15, Jos kuwa ta fi haka. Jiki ya fi daɗewa kafin ya ɗauki ɗumi, ya kuma fi saurin hucewa. Ƙarin mintuna da riga mai dogon hannu da za a cire daga baya suna da amfani a nan. Busasshiyar iska mai ƙura kuma na tayar wa masu asma da ciwonsu in gudu ya yi ƙarfi. An san cewa ɗumama jiki da ya haɗa da gajerun gudu ana hutawa tsakani yana rage wannan toshewar numfashi na ɗan lokaci, rufe hanci da baki ma yana taimakawa. Amma ba ya maye gurbin maganin shaƙa da likita ya rubuta.

Daga Maris zuwa Mayu lissafin juyawa yake. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai rana kan wuce digiri 40, kuma abin tsoro ba sanyin tsoka ba ne, zafi ne ya yi wa jiki yawa. Dogon shiri a irin wannan yanayi yana ƙone ruwan jiki tun ba a fara ba. Minti biyar a inuwa ya wadatar, kuma zaɓen lokaci, asuba ko bayan faɗuwar rana, ya fi komai tasiri. Haka yake ga mai azumi: wanda ya fita da yamma gab da shan ruwa ya riga ya wuni ba ruwa, gudu mai sauƙi ne ya dace da shi, mai tsanani kuwa sai bayan buɗa-baki.

## Abin da wannan ke nufi ga mai gudu

Ga mai sassarfa don lafiya, abin da hujjoji suka tsaya a kai ba shi da wuya. Tafiya da sauri ta minti biyar, sannan sassarfar da mutum zai iya hira a cikinta na wasu mintuna, sannan ya shiga gudunsa. In yana son miƙa kuma ya saba, ya yi ta bayan jiki ya ɗauki ɗumi, a taƙaice. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko 75 zuwa 150 na mai ƙarfi, kuma tafiyar da aka fara da ita ma tana shiga lissafi.

Ga mai shirin tsere, ko ɗan ƙwallo, ko wanda zai yi gudu mai sauri, shirin ya fi tsawo: sassarfa ta minti 10, lilo da ƙafa da ɗaga gwiwa da dogon taku, sannan gajerun gudu uku ko huɗu na kamar mita 60 zuwa 80, kowanne ya ɗara na baya sauri. A gasa mai cunkoso irin gudun yada-ƙanin-wani na Legas, wanda ake yi tun 2016, ana iya daɗewa tsaye a layi kafin a tashi. Wanda ya gama shirinsa da wuri ya tsaya cak, shirin nasa ya tashi a banza. Ga mai cikakken nisan kilomita 42 da ba kambu yake nema ba, kilomitocin farko su ne ɗuminsa.

Wanda abin ya fi shafa shi ne matashin da ya ga sunansa a jerin waɗanda za a tantance a soja ko ɗan sanda, saura mako biyu, ya fara fita kullum safe da yamma a kan kwalta da takalmin da ya samu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shi ne ainihin mutumin da gwajin Ostireliya ya nuna: mai ƙarancin juriya da aka ɗora wa nauyi lokaci guda. Wanda ya fara wata biyu ko uku kafin lokaci, yana gauraya tafiya da gudu, yana barin ranar hutu tsakani, ya fi shi damar isa ranar gwaji da ƙafa lafiya. Akwai ƙarin dalili ga irin waɗannan matasa. Kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya yana da rukunin jini na AS. Wani bincike a kan sojojin Amurka baƙar fata kusan 48,000, da aka wallafa a 2016, ya gano masu AS sun fi sauran haɗarin narkewar tsoka (wato tsoka ta lalace har abin da ke cikinta ya kwarara cikin jini) a atisaye mai tsanani da kashi 54 cikin 100, ko da yake ba a ga ƙarin mace-mace a cikinsu ba a rundunar da ke kula da shan ruwa da hutu da hawa mataki-mataki. AS ba ta hana gudu. Tana dai ƙara nauyin shawarar kada a faro da ƙarfi, musamman a zafi.

Sai kuma sanin lokacin tsayawa, domin a nan ɗumama jiki kan yaudari mutum. Ciwon agara da na ƙwauri a farkonsu sukan lafa da jiki ya yi zafi, mai shi ya ɗauka ya warke, ya ƙarasa gudunsa, washegari ya kasa taka ƙasa. Tsamin jiki na yau da kullum a cikin tsoka yake, a ƙafa biyu, yana tsananta kwana ɗaya zuwa biyu bayan gudu sannan ya wuce. Ciwon da ke ƙafa ɗaya, wanda ke sa ɗingishi, ko wanda za a iya ɗora yatsa ɗaya a kan ƙashi a ce nan ne, ko wanda ake ji ko a tafiya, wani abu ne daban. Irin wannan na iya zama tsagewar ƙashi, wadda sau da yawa hoton ƙashi na farko ba ya nuna ta sai bayan mako biyu ko uku, kuma murza da man zafi ba sa haɗa ta. Hutu take so da ganin likita ko ma'aikacin sashen gashi. Ciwon ƙirji, jiri, ko fitsari mai launin shayi bayan gudu mai tsanani kuwa, na zuwa asibiti ne a ranar.